GEJIN MAI A TSOFAFFIN MOTOCIN GONA: Yadda Za Ka Gano Ciwonsa, Ka Haɗa Shi Daidai

Gabatarwa

Manoma da yawa, da ƙungiyoyin gama-kai, suna da tsohuwar mota wadda ke kai taki gona, ta kwaso amfani zuwa kasuwa. Akwai Bedford, da Mercedes 911, da Steyr, da Fiat, da Land Rover, da akori-kura irin su Peugeot 404 da 504 da Toyota. Waɗansunsu a ƙasar nan aka harhaɗa su: Peugeot a Kaduna tun daga 1975, Mercedes a Inugu tun daga 1980, Steyr a Bauchi, Fiat kuwa a Kano. Yawancinsu yanzu sun ba shekara 30 baya, waɗansu ma sun haura 40.

Mota mai irin waɗannan shekaru da wuya ka same ta da kayanta na asali. An sake mata tanki, an sake geji, an yi wa waya ƙari. Akan sayo wannan a Panteka ta Kaduna, a sayo wancan a Ƙofar Ruwa ta Kano, a haɗa. Daga nan sai geji ya fara ƙarya. Direba kuwa ya ce, "Ai gejin nan ya daɗe da mutuwa," a ci gaba da tafiya bisa ƙiyasi.

Wannan sakaci yana jawo hasara iri uku:

1. Mai ya ƙare a daji da lodin tumatir ko tattasai, rana ta dafa kaya kafin a sami jarka ɗaya.
2. In motar mai shan gas ce, watau dizal, iska ta shiga bututu da famfo. Ko an zuba mai ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar. Dattin gindin tanki kuma ya toshe filta.
3. Zargi ya shiga tsakanin mai mota da direba a kan mai, alhali wataƙila ba wanda ya ɗebi ko lita ɗaya. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 wannan rigima ta ƙaru, domin mai ya zama babban kashi na kuɗin dako.

Abin da wannan takarda ke son koya maka shi ne: geji da ma'aunin da ke cikin tanki miji da mata ne, tilas awonsu ya zama ɗaya. Kada ka sayi kome sai ka gwada, ka san wanda ke da laifi.

Yadda abin ke aiki

Abubuwa huɗu ne ke aiki tare.

Na ɗaya, ma'aunin tanki. Yana da ɗan gora da ke iyo bisa mai, kamar goran masunta bisa ruwa. An ɗaura goran a bakin wani siririn hannu na ƙarfe. In mai ya ƙaru gora ya hau, in ya ragu ya sauka. Gindin hannun yana goga wata siririyar waya da aka naɗe, yana ƙara wa wutar batir wahalar wucewa ko yana rage mata.

Na biyu, gejin da ke gaban direba, mai allura. Harafin E yana nufin babu mai, F yana nufin tanki ya cika. Waɗansu gejin 0 da 1/2 da 1/1 aka rubuta musu.

Na uku, wayar da ta taso daga geji zuwa kan tanki.

Na huɗu, jikin mota. Wuta ba ta aiki sai ta sami hanyar komawa batir, hanyarta kuwa ita ce ƙarfen tanki da shasi. Wannan shi ne wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kuma ya fi ba da wahala.

Wahalar wucewar wutar nan ita muke kira turjiya, ana kuwa auna ta da "om". Ka ɗauka kamar mai lambu ne yana tsuke bakin magudana da ƙasa: in ya tsuke ƙwarai ruwa kaɗan ke wucewa, in ya buɗe ruwa ya kwarara. Om mai yawa, wuta kaɗan. Om kaɗan, wuta da yawa. Geji ba ya ganin mai. Yawan wutar da ta wuce kaɗai ya sani.

Awon kowane gida daban ne

Ga inda matsalar take. Masu ƙera motoci ba su yi shawara da juna ba, kowa da nasa awon. Ga waɗanda aka fi samu. Lambar farko ita ce om in tanki babu mai, ta biyu in ya cika:

Chevrolet da GMC na Amurka, har zuwa 1964: 0 da 30.
Chevrolet da GMC, daga 1965 zuwa wajen 1997: 0 da 90.
Ford na kafin 1987, da tsofaffin Dodge: 73 da 10.
Ford daga 1987: 16 da 158.
Gejin sayarwa irin na Amurka, kamar Stewart Warner: 240 da 33.
Gejin sayarwa irin na Turai, kamar VDO: 10 da 180.
Gejin Smiths na motocin Ingila mai allura mai tafiya a hankali: wajen 250 da 20.
Toyota da yawa na shekarun 1980: wajen 110 da 3.

Dubi jerin nan da kyau. Za ka ga gida biyu ne. A gida na farko om yana ƙaruwa in mai ya ƙaru (0 da 30, 0 da 90, 10 da 180, 16 da 158). A gida na biyu om yana raguwa in mai ya ƙaru (73 da 10, 240 da 33, 250 da 20, 110 da 3). Ka riƙe wannan, domin duk gwajin da ke gaba a kansa ya dogara.

Abin da ke faruwa in an haɗa baƙi biyu

Ma'auni mai 240 da 33 a kan geji mai 10 da 180: allura za ta yi aiki a juye. Ka cika tanki ta kwanta kusa da E, mai ya ƙare ta haye F.

Ma'auni mai 0 da 30 a kan geji mai 0 da 90: ko ka cika tanki har ya zuba, allura ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Nan ne mai mota kan ce direba bai zuba man da aka ba shi kuɗinsa ba.

Ma'auni mai 0 da 90 a kan geji mai 0 da 30: allura za ta tsaya a F, ba za ta motsa ba sai mai ya rage kashi ɗaya cikin uku, sa'an nan ta faɗo da sauri.

Ma'auni mai 73 da 10 a kan geji mai 240 da 33: wannan shi ne mafi haɗari. Tanki ya bushe ƙaƙaf, amma allura tana nuna wajen kashi uku cikin huɗu.

Lura kuma: lanƙwasa hannun gora ba ya maganin wannan. Om na jikin naɗin waya yake, ba na hannun ba.

Masu Land Rover su lura musamman. A 1967 aka sake tsarin wutarta, aka koma ɗaura kan batir mai alamar (−) a jikin mota maimakon mai alamar (+), aka kuma sake irin geji. Ma'aunin tanki na kafin lokacin da na bayansa ba sa maye gurbin juna, ko da bakinsu ya zauna daidai a tanki. Alama mai sauƙi: in ka murɗa makulli allura ta yi tsalle nan take, tsohon iri ne mai maganaɗisu. In ta tashi a hankali kamar hawainiya, sabon iri ne mai aiki da zafi.

Haka kuma ka san wutar motarka. Akori-kura bolt 12 ce, manyan motoci da yawa kuwa bolt 24. Gejin 12 a kan wutar 24 ƙonewa zai yi.

Kafin ka taɓa tanki

Rai ya fi mota. Kiyaye waɗannan:

(a) Yi aiki a fili inda iska ke kaɗawa, da rana. Ban da taba, ban da fitilar kwai ko aci-balbal, ban da murhun mai shayi a kusa.
(b) Tankin fetur da babu mai ya fi cikakke haɗari, domin tururi ne cike da shi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasa da cikin rami.
(c) Kafin ka kwance ma'auni daga tanki, zare makulli, ka cire kan batir wanda ke haɗe da jikin mota.
(d) In zobe ne ke riƙe da ma'auni, buga shi da guntun katako ko tagulla. Ƙarfe bisa ƙarfe yana ba da tartsatsi.
(e) Kada ka zuƙi mai da baki. Kada kuma a kai tanki wurin mai walda don a toshe ɗan yoyo ba tare da gwani ya wanke shi ba.
(f) Ajiye bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar mai.

Kayan aiki

Mitar gwajin wuta ƙarama, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke amfani da ita. Ƙungiya tana iya sayen guda ɗaya kowa ya amfana. Sai ɗan ƙaramin kwan fitila na mota da aka ɗaura wa waya biyu, da guntuwar waya mai kyau kamar kamu huɗu, da samfefa, da giris kaɗan, da sukurdireba.

Gwaji mataki-mataki

Bi su a jere. Fara da mai arha, kada ka fara da kwance tanki.

Mataki na 1: Fiyus da wuta. Murɗa makulli. In gejin zafi da sauran fitilun gaban direba duk sun mutu tare, duba fiyus. In ya ƙone sa irinsa daidai. Kada ka naɗa masa waya ko takardar kwalin taba, nan gobarar mota ke farawa.

Mataki na 2: Dubi gejin zafi. Motocin Ingila masu gejin Smiths, da tsofaffin Ford da Dodge, suna da wani ɗan akwati a bayan geji mai daidaita wuta. Na Smiths yana ba da kimanin bolt 10, na Ford da Dodge kimanin bolt 5. Shi ke ciyar da gejin mai da na zafi duka. In ka ga su biyun sun hau sama tare, ko sun kwanta tare, to laifin ɗan akwatin ne, ko kuwa sukurun da ya ɗaure shi da jikin mota ya saki. Tsohon irinsa kunnawa da kashewa yake yi, saboda haka in ka sa masa kwan gwaji za ka ga yana ƙyaftawa. Wannan lafiya ce, ba ciwo ba.

Mataki na 3: Cire wayar kan tanki. Kashe makulli, zare wayar daga kan ma'auni, ka tabbata bakin tanki a rufe yake. Riƙe ta kada ta taɓa kome, wani ya murɗa makulli ya dubi allura. Waya a sake daidai take da om marar iyaka. Saboda haka gejin gida na farko zai haye F, na gida na biyu zai kwanta a E.

Mataki na 4: Taɓa wayar da jikin mota. Yi mata ƙari da guntuwar wayarka, ka kai ta wani wuri mai tsabta a shasi nesa da tanki. Yanzu om ya koma babu. Gejin gida na farko zai sauka E, na gida na biyu zai tashi zuwa F. Da ka ga allura ta kama hanya, ɗauke wayar. Kada ta wuce ƙirga uku, domin geji mai aiki da zafi yana ƙonewa. In ka bi da ita ta cikin kwan gwaji ya fi aminci.

In allura ta je gefe guda a mataki na 3, ta koma ɗaya gefen a mataki na 4, geji da waya lafiyarsu lau. Laifin yana tanki. Ka kuma san gidan da gejinka yake. In ba ta motsa ba, sake gwajin nan biyu a bayan gejin kansa. In ta motsa a can, waya ce ta tsinke ko ta goge tana taɓa shasi. Motar da ta yi damina a ajiye kusa da rumbu, fara zargin ɓera. In ko a can ba ta motsa ba alhali wuta tana zuwa, geji ya mutu.

Mataki na 5: Haɗin tanki da jikin mota. Tankin babbar mota da ɗamara ake ɗaure shi, akan sa roba ko tsumma a ƙarƙashin ɗamarar. Ga fenti, ga tsatsa, ga lakar damina da ƙurar hunturu. Duk suna tare wuta. Ɗaura guntuwar wayarka daga sukurun ma'auni zuwa shasi inda ka goge da samfefa. In allura ta dawo daidai, ka gano ciwon. Sa waya ta dindindin, ka shafa giris a bisa don tsatsa.

Kada ka raina tsatsa. Om 10 kacal na tsatsa a kan geji mai 0 da 90 yana ƙara wa allura kashi ɗaya cikin tara na tanki, man da babu shi. A tanki mai lita 90, lita 10 ke nan ta ƙarya. A gida na biyu kuwa tsatsa rage wa allura take yi, sai ka ga ba ta taɓa kaiwa F.

Mataki na 6: Auna ma'auni. Cire batir, kwance ma'auni, ka fito da shi a hankali kada hannun ya lanƙwashe. Toshe bakin tanki da tsumma mai tsabta. Sa mita a kan om. Tsinke ɗaya a kan inda waya ke shiga, ɗaya a jikin ma'aunin. Saukar da gora ƙasa, rubuta lamba. Ɗaga shi sama, rubuta lamba. Gwada su da jerin da ke sama. Bambancin om kaɗan ba kome ba ne.

Sa'an nan ɗaga hannun a hankali daga ƙasa zuwa sama kana duban mita. Lamba ta riƙa tafiya a jere. In ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, naɗin wayar ya cinye a nan. Wannan yakan faru wajen ƙasa-ƙasa, a motar da kullum ake zuba wa mai kaɗan-kaɗan. Shi ke sa allura ta riƙa rawa ko ta faɗi farat ɗaya.

Kada ka damu in rabi bai faɗo a tsakiyar lissafi ba. A ma'auni mai 240 da 33 rabin tanki wajen om 100 ne. A na Toyota mai 110 da 3 wajen om 33 ne.

Mataki na 7: Girgiza gora kusa da kunne. In ka ji mai yana motsi a ciki, ya huje, shi ya sa yake nutsewa allura ta zauna a E. Sake shi. Kada ka kai shi wuta don ka liƙe.

In ba ka san awon gejinka ba

Wani lokaci ma'auni ya ɓace ko ya ruɓe, ba abin da za ka auna. Duba bayan geji, wani sa'i an buga lambar a jiki. In babu, je wurin mai gyaran rediyo ya ba ka abin murɗawa irin na ƙara murya, amma mai ƙaramin awo, om 250 ko 500. Haɗa shi tsakanin wayar tanki da shasi, nesa da tanki. Fara daga om mai yawa. Murɗa a hankali har allura ta zauna a E, ka dakata minti ɗaya ko biyu in mai tafiyar hawainiya ce. Kashe makulli, cire shi, auna da mita, rubuta. Yi haka kuma a F. Lambobin nan biyu su ne za ka kai kasuwa.

Sayen sabo da ɗaura shi

Tafi kasuwa da mita da lambobinka a rubuce. Auna a gaban mai kaya kafin ka biya. "Ai duk ɗaya ne, Alhaji" ba awo ba ne. In ba a sami na asali ba, abin da ya fi sauƙi shi ne ka sayi geji da ma'auni tare, 'yan gida ɗaya, masu daidai da wutar motarka. Akwai kuma ɗan akwatin lantarki da ake sayarwa yanzu mai fassara awon wannan ga wancan, amma ga motar gona mai shan ƙura da girgiza, haɗin da ba shi da tarkace ya fi daɗewa.

Ma'aunin sayarwa yakan zo da dogon hannu don a yanke daidai da tanki. Auna zurfin tanki da sanda. Gindin hannun ya zauna a tsakiyar zurfin. In gora ya sauka kada ya taɓa gindin tanki, bar kamar yatsa biyu, domin allura ta kai E da sauran ɗan mai na kai wa gari. In ya hau kada ya bugi rufin tanki. Duba kuma kada ya saƙale da bangon da ke cikin tanki ko bututun shan mai. Gwada shi a hannu da geji kafin ka rufe. Sa sabuwar robar baki don yoyo.

Sandar awo

Ko geji ya gyaru, kowace motar gona ta sami sandar awo, in bakin tankinta miƙaƙƙe ne. Ita ce shaidar da ke raba gardama.

Tsai da mota a wuri mai daidai, tanki babu mai. Sami busasshiyar sanda mai santsi, marar fenti. Zuba lita 10, tsoma sanda har gindi, yi tsaga inda mai ya tsaya. Ƙara lita 10, sake tsaga, har ya cika. Kowane zubi ka dubi allura ka rubuta inda take a ɗan kati, ka liƙa a gaban direba. Masu lissafi da galan su tuna galan ɗaya lita 4 da rabi ne.

Kada ka raba sandar da ma'aunin tela. Tanki mai siffar ganga a kwance ya fi fāɗi a tsakiya. In mai lita 100 ne, kashi ɗaya cikin huɗu na zurfinsa lita 20 ne kawai, ba 25 ba. Rabi lita 50 ne, kashi uku cikin huɗu kuwa lita 80. Shi ya sa direbobi kan ce mai yana gudu in ya kusa ƙarewa.

Ajiye littafi a mota: ranar da aka zuba mai, lita nawa, ina aka je, wane kaya aka ɗauka. Bayan wata guda za ka san abin da motarka ke sha, ka san kuɗin dakon kowane buhu.

Abubuwan tunawa

1. Geji da ma'aunin tanki tilas awonsu ya zama ɗaya.
2. Fara da fiyus, sai waya, sai haɗin jikin mota. Tanki shi ne na ƙarshe.
3. Allura a juye, ko wadda ba ta kai ƙarshe tun ranar da aka sake kaya: baƙi biyu aka haɗa.
4. Gejin mai da na zafi sun yi ƙarya tare: duba mai daidaita wuta.
5. Kada ka bar motar dizal ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu.
6. Ban da wuta kowace iri kusa da tanki.

Yi wannan aiki tun kafin kaka, lokacin da mota ke hutawa, kada ka bari sai buhuna sun taru a bakin gona. In wani mataki ya shige maka duhu, tafi da wannan takarda wurin makanikin waya, ko ka nemi malamin gona na yankinku ya duba tare da kai.